Fiksi marar birki, ciwon gwiwa, da maganar da ta kai kunnen Inna

Malam, assalamu alaikum. Ni tela ne a nan Maraɗi, shekarata 27, wata 8 da aurena. Bara na sayi keke irin wanda muke kira fiksi, wanda ba shi da firiwil, in taya na juyawa ƙafa ma dole ta juya. Mu 6 ne a fadarmu masu irinsa. Kowace Lahadi bayan asuba mukan ɗauki hanyar Jiratawa, wani lokaci har Madarunfa, mu dawo a ɗora shayi ana hirar kekuna. Babbanmu da ya koya mana ya ce fiksi na gaskiya ba a sa masa birki, kuma a farantan da sarƙa ke bi, haƙori 48 a gaba 16 a baya shi ne na maza. Haka nawa yake. Yau wata 2 gwiwata ta dama tana ciwo ta gaba. Abin da ya fi damuna, in mun yi doguwar tafiya gabana yakan mutu, sai na sauka da kamar rabin awa yake dawowa. Sau biyu kuma na ga ɗan jini bayan na yi bayan gida. Da na faɗa a fada, wannan ya ce basir ne keke ke kawowa, wancan ya ce sanyi ne, wani ya ce keke ne ya hana ɗan'uwansa haihuwa, wani ya miƙo mini tramol. Magana ta zaga har ta kai ga Inna, ta ce in sayar da keken. Matata ba ta ce komai ba, amma na ga ta canza. Ba na son rabuwa da keken ko da abokaina, kuma ina jin kunyar sa birki. Ina cikin tsoro. Me zan yi?

Tela daga Maraɗi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a auren, ya ƙara lafiya.

Zan fara da abin da na san shi ne ke hana ka barci. Babu ko ɗaya cikin abubuwan da ka lissafa da ke nuna ba za ka haihu ba. Wata 8 ba jinkiri ba ne. Likitoci ba sa fara binciken rashin haihuwa ga ma'aurata masu ƙuruciya irinku sai an cika shekara guda ana zaman aure ba ciki. Shi kuma ɗan'uwan nan da aka ce keke ya hana shi haihuwa, ka tambayi kanka wa ya auna shi, kuma a ina. Mazan ƙauyukanmu nawa ne suka tsufa a kan keke, suna kai kaya kasuwa suna dawowa, gidajensu cike da ƴaƴa da jikoki? Ka kwantar da hankalinka a kan wannan tukuna, sannan mu yi maganar abin da ke akwai na gaske. Don akwai shi. Jiki magayi ne, kuma naka ya gaya maka abubuwa uku daban-daban, fada ce ta ƙulle su wuri guda ta ba su suna mai ban tsoro. Biyu daga yadda aka haɗa kekenka suka fito. Na ukun ina zaton daga shagonka ya fito.

Mutuwar gaban nan ba sanyi ba ne. Tsakanin maraina da dubura akwai jijiyoyin da ke kai ji da jini zuwa gaba. An halicci mutum ya zauna ne a kan ƙasusuwa biyu na ɗuwawu, waɗanda kake ji in ka daɗe a kan benci. Idan sirdi ya yi siriri da yawa, ko hancinsa ya ɗaga sama, ko kan keken ya yi ƙasa har ka kifa gaba sosai, nauyinka sai ya bar ƙasusuwan ya koma kan wannan wuri mai laushi ya danne jijiyoyin. Daidai yake da ƙafar da ke mutuwa in ka daɗe a tanƙwashe wajen karatu. Fiksi kuma yana ƙara abin, domin mai keke na firiwil yakan saki feda ya ɗan miƙe, ya gyara zama ba tare da ya ma lura ba, kai kuwa ƙafarka ba ta tsayawa, sai ka manne a wuri ɗaya tun daga Maraɗi har Madarunfa. Dawowar da jin ke yi cikin rabin awa alama ce mai kyau, amma kada ka saba da shi ka ce haka hawan keke yake. Jijiyar da ake dannewa kowane mako tana iya daɗewa ba ta warware ba, kuma a nan ne mutum kan fara ganin rauni a shimfiɗa. Tun ba a kai can ba za mu tare shi.

Ka jingina keken a ƙasa mai daidai, ka ɗora ruwula ko guntun katako a kan sirdin. Ya kwanta sosai, ko hancin ya ɗan sunkuya kaɗan, kada ya kalli sama. Idan sirdin irin siririn nan ne mai kama da takalmi, ka canza shi da wanda bayansa ya ɗauki ƙasusuwanka biyu, in an samu mai rami ko tsaga a tsakiya ya fi. Kada ka ruɗu da mai soso da yawa, in ka nutse a cikinsa tsakiyar ce ke tasowa ta danne ka. Ka ɗaga kan keken ya kusan kai tsayin sirdi. A hanya kuma, duk bayan minti 10 ka miƙe a kan feda ka yi juyi kamar 10 a tsaye, kuma ka sauka ka ɗan taka da ƙafa da zarar ka fara jin minjirya, ko da sauran sun wuce. In tayoyinka sirara ne ƙwarai kuma firam ɗin, wato gangar jikin keken, yana da wuri, ka sa masu faɗin milimita 28 ko 32, kada ka cika iska har su zama dutse. Hanyoyinmu da ramuka da tsakuwa, duk dukan da taya ba ta shanye ba, jikinka ne ke shanyewa.

Sai gwiwa. A nan zan ɗan yi maka lissafi, kai tela ne, awo ba baƙonka ba ne. Haƙori 48 a gaba da 16 a baya na nufin duk juyin feda ɗaya taya tana juyawa sau 3. Tayar irin kekenka takan ci mita 2.1 a juyi, ke nan kowane juyin ƙafa kana tura kanka da keke mita 6.3. A kan hanya miƙaƙƙa ba iska wannan yana da daɗi. Amma a cikin gari sau nawa kake tsayawa ka sake tashi? Sau nawa kake shiga rairayi a gefen titi, ko iska ta taso maka ta gaba a hanyar dawowa? Kowane tashi daga tsaye da wannan nauyi, ƙoƙon gwiwa ne ke ɗaukarsa. Ga kuma tsayawa: tunda ba ka da birki, gwiwar nan ita ce ke tare gudunka duka ta hanyar danne feda baya. Da safe ta ja, da safe ta tare, sannan ta wuni tana taka keken ɗinki. Ina mamakin ma da ta kai wata 2 tana kawai gunaguni.

Ka bar na gaba yadda yake, ka canza na baya zuwa mai haƙori 19, in babu 18. Da 19 kowane juyi zai zama mita 5.3. Kada ka ji kamar za a bar ka a baya: in ƙafarka na juyi 80 a minti, kana gudun kilomita 25 a awa ke nan, gudun da da can sai ka yi ta dannawa da ƙarfi kafin ka riƙe shi. Juyi mai sauri marar nauyi shi ne ke gina numfashi ya bar gwiwa lafiya. Akwai kuma wata riba da za ka iya kai wa fada. Da 48 da 16, duk lokacin da mutum ya danne feda ya ja tayar baya a ƙasa, wuri ɗaya tak na tayar ne ke gogar titi, shi ya sa take cinyewa ta fashe a gefe guda alhali sauran jikinta sabo. Da 48 da 19 wuraren 19 ne. Ka duba tayoyin abokanka na baya, za ka ga tabon. In mai gyaranka ba shi da haƙorin, ka sa masu zuwa Kano ko Katsina su nemo maka, kuma mai yiwuwa sai an ƙara wa sarƙa gaɓa.

Tsayin sirdi ma ka auna shi. Ka hau, wani ya riƙe maka, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, wannan shi ne daidai. Ciwo ta gaban gwiwa irin naka yawanci sirdi ne ya yi ƙasa, ciwo ta bayanta kuma ya yi sama da yawa. Ka riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan, rabin santimita a lokaci guda. Kuma ka huta da doguwar tafiya mako 2 zuwa 3. Gida zuwa shago a hankali ba laifi in ba ya tayar da ciwon.

Yanzu birki, inda ka ce kunya take. Ƙanena, a nan ba zan yi maka sassauci ba. Ka sa birkin gaba a wannan makon. Keken da ba shi da birki an yi shi ne don filin tsere na musamman, zagayayye, mai santsi, inda kowa ke bin fuska ɗaya, ba kabu-kabu, ba amalanke, ba akuya, ba yaron da zai ɓullo a guje daga bayan mota. Ka kwatanta wannan da bakin babbar kasuwa da yamma, ko hanyar Ɗan Isa da manyan motocinta. A Ingila, inda masu fiksi suke da yawa, doka ta tilasta a sa masa birkin gaba kafin a hau titi. Dalilin a fili yake: in ana tsayawa nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau ta riƙa zamewa, tayar gaba ce ke da riƙo. Duk gwanintar mutum, da ƙafa kaɗai ba zai tsaya a tazarar da mai birkin gaba zai tsaya ba. Kuma ran da sarƙa ta zame ko ta tsinke, marar birki ba shi da komai a hannu. Ka tuna keken ɗinkinka. Shi ma fiksi ne, in ya ɗauki gudu matakin yana jan ƙafarka. Da me kake tsayar da shi in allura ta zo ƙarshen layi? Tafin hannu kake ɗorawa a kan ƙaramar tayar sama. Ban taɓa jin an ce wa tela rago don ya yi haka ba.

Tunda za ka je wurin mai gyara, ka sa ya nuna maka abu ɗaya da idonka. A cibiyar tayar baya ta fiksi ta gaskiya akwai zobe na biyu a bayan haƙorin, wanda ake ɗaurewa ta hagu, kishiyar yadda ake ɗaure haƙorin, don in ka danne baya kada ya kwance. Wasu kekunan an haɗa su ne da cibiyar keke na yau da kullum, aka murɗa haƙori kawai ko aka ɗiga wa firiwil walda. Irin wannan yana iya saki daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Sarƙa kuma ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 1 a tsakiyarta, kada ta yi tauri kamar tsirkiya, kada ta yi lilo. Ka naɗe ƙafar wando ta dama, doguwar riga kuma ka tattare ta, don sarƙar fiksi in ta kama tufa ba ta saki. Kada a bar yara su juya fedar in keken na kife, yatsu take cirewa.

Jinin bayan gida, shi ma ka cire shi daga wuyan keke. Hawan keke ba ya haifar da basir, iyakarsa ya fama wanda yake akwai. Abin da ke kawo shi taurin bayan gida ne da yunƙuri da daɗewa a tsugune. Ka dubi wuninka: zaune daga safe zuwa dare, shayi mai kauri gilashi uku, ruwa kaɗan, abinci burodi da shinkafa da taliya. Ka ajiye gorar ruwa kusa da keken ɗinki ka riƙa sha har fitsarinka ya yi fari-fari. Ka koma wa zogale, rama, wake, kuɓewa, gwaba da mangwaro. Ka tashi ka taka duk bayan awa. Amma ka ji ni da kyau, mu Hausawa komai na ciki da dubura da gaba basir muke ce masa, kuma a ƙarƙashin wannan suna cututtuka da yawa ke ɓuya. Jini sau biyu ya isa dalilin zuwa likita. Ka fara da asibitin unguwarku, ka faɗa musu duka ukun ba ɓoye-ɓoye, in sun ga da buƙata za su tura ka babban asibiti. A auna maka hawan jini da suga tunda ka je. In kukan yi wanka a tafkin Madarunfa ko a gulbi bayan tafiya, ka faɗa, musamman in ka taɓa ganin jini a ƙarshen fitsari, don tsargiya daga irin ruwan nan ake ɗaukarta kuma tana da magani. Kada ka jira ko kwana ɗaya in bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko jinin ya yi yawa, ko maraina ya kumbura da ciwo farat ɗaya, ko mutuwar gaban ta kwana ba ta sake ka ba, ko gwiwar ta kumbura ta riƙa ƙullewa.

Tramol ɗin da aka miƙo maka, ka mayar. Ba ya gyara gwiwa, rufe mata baki yake yi ka ci gaba da ɓata ta. Yana kama mutum, yana sa farfaɗiya in ya yi yawa, kuma shan sa na dogon lokaci shi ne ke rage wa namiji sha'awa da ƙarfi, wato ainihin abin da kake gudu. Haka magungunan ciwon jiki na masu talla a faranti: a sha su ciki ba abinci, jiki ba ruwa, a fita rana a watan Afrilu ko Mayu da zafi ke haura digiri 40, ƙoda da tumbi ne ke biya. Shi abokin naka da ya miƙo, ina jin da kyakkyawar niyya ya yi, amma in yana yawo da ita a aljihu, shi ma yana buƙatar wanda zai ja shi gefe.

Babbanku kuma kada ka ɗauke shi maƙiyi. Mutumin da ya tara matasa 6 suna tashi da asuba suna motsa jiki maimakon kwana a fada, ya yi abin kirki. Abin da ya faɗa na birki da haƙorin maza, shi ma ji ya yi ko gani ya yi a waya. Kada ka ƙaryata shi a gaban jama'a. Ka same shi shi kaɗai ka ce, Yaya, gwiwata ta matsa, zan sa 19 da birki in ga ko za ta lafa. Ba izini kake nema ba, girmamawa ce. Za a yi maka tsiya Lahadi ɗaya ko biyu, ka yi dariya tare da su. Ina kyautata zaton cikin su 6 ba kai kaɗai ke saukowa daga keke gaba a mace ba, kai ne dai ka yi ƙarfin halin faɗa. Sai dai ka ɗauki darasi: fada wurin hira ce, kuma abin da aka faɗa a kan shayi ba ya zama a wurin. Ka ga inda taka ta kai.

Inna ba keke take ƙi ba. An gaya mata wani ƙarfe zai hana ta ganin jika, wace uwa ce za ta yi shiru? Gardama da lissafin haƙora ba za su shige ta ba. Ka je ka gaishe ta bayan ka dawo daga likita, ka ce Inna na ji maganarki, na je an duba ni, ga abin da aka ce, na kuma sa birki na rage tafiya. Ta ga maganarta ta yi aiki. Yawancin iyaye abin da suke so ke nan.

Wadda na fi tausayawa a wasiƙarka ita ce wadda ba ta ce komai ba. Ka yi tunani: amarya ce, wata 8, kowa ya fara kallon cikinta, kuma ta san a garin nan in haihuwa ta yi jinkiri mace ake fara nunawa da yatsa. Sai ga shi sirrin jikin mijinta ya zo mata daga waje, ta bakin mutane, shi bai gaya mata ba. Ina ganin wannan ne ya canza ta, fiye da tsoron keke. Yau da dare ka zaunar da ita ka gaya mata komai da bakinka, ka ba ta haƙuri da ta ji a waje. Ka kuma yi mata alkawari ɗaya: in shekara ta cika ba labari, tare za ku je asibiti, kuma kai za a fara aunawa. Gwajin maniyyi ba shi da wuya, ba allura ba yanka. In ma an ga rauni a karon farko ba a yanke hukunci, don zazzaɓi mai zafi kamar na cizon sauro yana rage shi na ɗan lokaci, jiki kuma yakan ɗauki wata biyu da rabi zuwa uku ya sabunta, sai a maimaita.

In ka yi duk wannan wata guda gwiwar ba ta lafa ba, akwai hanya tsakanin ci gaba da sayarwa. Yawancin tayoyin fiksi cibiyarsu fuska biyu ce, gefe ɗaya haƙori kafaffe, ɗaya gefen wurin firiwil. A juya tayar, a ƙara birkin baya tunda ƙafa ba za ta ƙara tsayar da kai ba, keken nan naka ne dai, Lahadin nan taku ce dai, ƙafarka kawai ta samu damar hutawa a gangare. Kana iya kuma tsayawa a Jiratawa ka jira su su dawo daga Madarunfa. Sayarwa sai in likita ya duba ya ce a bari.

Gobe da safe kafin ka buɗe shago, ka tura keken da hannu zuwa wurin mai gyara, ka ce ya duba ko ƙarfen da ke riƙe tayar gaba yana da hudar birki. Daga nan ka wuce asibiti. Bayan mako 4 ka sake rubuto mini, ina son in ji yadda gwiwar take da kuma abin da amarya ta ce.